Aron Taya

Rumfarta tana jingine da katangar garejin kamfanin jigila, daidai inda manyan motoci ke karya kwana su shiga. Kwano ne a kan ƙarafa, da benci biyu da suka yi sulɓi saboda zama, da murhu a baya. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin motar kamfanin ya ci abincinta, shi ya sa ba a kiranta da komai sai Uwar Gareji. Manajoji sun zo sun wuce, an sauya fentin motoci, har sunan kamfanin an taɓa sauyawa, ita tana nan da ludayinta.

Mijinta ne ya kawo ta wurin. Direba ne, kuma a garejin ya rasu. An same shi zaune a kan mota da rana tsaka, injin a kashe, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji. Aka ce lokaci ne ya yi. Bai kai hamsin ba. Ya bar mata 'ya'ya mata da suka yi aure suka yi nisa, da namiji guda, wanda take kira Auta.

A ƙarƙashin teburin rumfar Auta ya yi rarrafe, a bakin ƙofar garejin ya koyi tafiya. Da ya girma bai nemi wata sana'a ba. Siriri ne lokacin da aka fara ba shi mota, har ana cewa iska za ta fizge shi ta taga. Shekarun zama a kujera ɗaya, da abincin bakin hanya, da shayi mai kauri, da sigarin korar barci, suka cika shi har wuyansa ya haɗe da kafaɗa. Abokan aiki suka sa masa Tanki. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Mutum ne mai dariya daga ciki, wanda bai taɓa goga wa motar kamfani ko fenti ba, kuma duk tafiyar da ya dawo sai ya fara tsayawa a rumfa ya gaida uwarsa kafin ya wuce wurin matarsa da 'yan matansa biyu.

Girkinta irin na direbobi ne. Su suka koya mata, tun tana amarya: a ji gishiri, a ji dunƙule, mai ya kwanta a saman miya har mutum ya ga fuskarsa. Wanda zai yi kwanaki a hanya ba ya son abincin asibiti.

Akwai wani aiki da ake yi a garejin wanda kowa ya sani, har manaja, amma ba a faɗarsa a ofis. Idan ranar kai mota wurin masu duba lafiyar motoci ta zo, sai a kwance tayu masu kyau daga motar da layi bai zo kanta ba, a ɗaura wa wadda za a kai. Ta je ta ci jarrabawa, ta dawo, a mayar wa kowa da nasa, ta hau hanya da tayunta da suka suɗe kamar tafin hannu. Aron taya ake ce masa. Wanda ke tsara shi shi ne shugaban direbobi, wani dattijo mai furfura da ake kira Baba Birki, abokin marigayi mijinta. Shi ne kuma ke raba tafiya, ya ce wane ka nufi kusa, wane ka nufi nesa.

Da kamfani ya fara awon lafiyar direbobi sau ɗaya a shekara, aka sami wani da hawan jini, aka sallame shi a ranar ba tare da ko sannu ba. Mako bai zagayo ba Baba Birki ya zo da wani gwangwanin madara cike da ƙwayoyin maganin hawan jini, kala daban-daban, waɗanda aka tattaro daga gidajen tsofaffi da shagunan magani. Ƙa'idarsa ita ce biyu da safe ranar awo. Jini ya sauka, likitan kamfani ya sa hannu, kowa ya koma motarsa. Shi ma wannan aron taya suka sa masa, don a wurinsu aikin ɗaya ne.

Ana haka masu bincike suka zo daga asibitin koyarwa. Likita ne mai tabarau, da wata malamar asibiti mai sanyin murya wadda direbobi suka sa wa Malamar Awo. Aka tara mutane a inuwar wata tirela, Uwar Gareji tana jin komai daga rumfa. Likita ya ce suna so su bi direbobin doguwar hanya na wasu shekaru, su gano abin da ke sa zuciya ke kayar da su da wuri. Za a riƙa auna jini, da ƙugu, da siga, da kitsen da ke cikin jini. Wanda aka ga nasa ya hau za a ba shi magani kyauta muddin yana cikin binciken. Sakamakon kowa sirri ne, kamfani ba zai gani ba. Ya ƙara da cewa ko bayan ransu, idan wani ya rasu, iyalinsa su sanar, domin mutuwa ma tana koyar da su wani abu.

"Likita, ƙugun Tanki fa?" in ji wani daga baya. "Igiyar awonku za ta zagaye shi, ko mu kawo ta ɗaure kaya?"

Aka yi dariya, Auta ya fi kowa.

Ɗakin da manaja ya ba su yana manne da ofishinsa, katako ne ya raba su, katakon ma bai kai rufi ba. Baba Birki ya leƙa sau ɗaya, ya fito ya zauna a bencin rumfa.

"Sirri," ya ce. "Ko tari ka yi a ɗakin can manaja zai ce maka sannu. Ranar awo kowa ya biyo ta wurina."

Haka aka yi ta yi. Duk zuwan masu bincike gwangwani yana zagayawa da safe. Auta yakan fito daga ɗakin awo yana warware hannun riga.

"Inna, sun ce zuciyata ta saurayi ce. Zuba mini da nama."

Ita kuwa tana ganin abin da na'ura ba ta gani. A ranakun awo jiri ke ɗibarsa, sai ya riƙe ƙarfen rumfa kafin ya zauna. A sauran ranaku yana yawan dafe ƙeya. Hawa kan mota, da da yake yi da tsalle ɗaya, yanzu sai ya tsaya a matakala yana mayar da numfashi. Ta ga jini a hankicinsa, ya ce haɓo ne na zafin rana. Matarsa ta ce mata a ɓoye ya daina kwanciya sai da matashi biyu. Duk wannan ta taɓa ganinsa a jikin wani mutum, a wancan lokacin ba ta san sunan abin ba. Yanzu Likita ya faɗi sunan a gabanta, har ya ce yana bin jini daga uba zuwa ɗa.

Ta tare shi wata rana bayan ya ci abinci.

"Auta, awon nan mai zuwa ka shiga haka nan. Kar ka sha komai."

"Sai kuma a yi yaya?"

"Su ga gaskiya su ba ka magani. Kyauta ne."

"Su ba ni magani, manaja ya ba ni takardar sallama. Jikokinki su ci me, ƙwaya?"

"Ubanka a kan mota aka same shi."

"Baba lokacinsa ne ya yi, Inna. Ni lafiyata ƙalau, har likitoci sun shaida."

Ya yi dariya, ya tsoma hannu a robar gishirinta ya barbaɗa a sauran miyar, domin ya lura kwanakin nan tana zuba masa daga wata ƙaramar tukunya ta daban.

Malamar Awo takan ci abinci a rumfar idan sun tashi, a ƙarshen benci, ta ce a rage mata mai. Uwar Gareji ta daɗe tana juya maganar a ciki kafin ranar da ta same ta ita kaɗai.

"'Yata, alfarma nake nema. Yaron nan nawa, Tanki. Ki auna mini shi ranar da bai shirya ba."

"Mama, awon jini ai ba a shirya masa."

"A nan ana shiryawa."

Malamar ta ajiye cokali. Uwar Gareji ba ta yi niyyar faɗin fiye da haka ba, amma tambaya ɗaya ta ja wata, har aka kai ga gwangwani.

"Dukkansu?"

"Ni ɗana na zo miki da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka fara."

Malamar ta dubi ƙofar gareji.

"Dole in gaya wa Likita."

"Ba sai kin gaya masa ba. Ki auna shi kawai, ki ba shi maganin, ni zan sa ya sha."

"Mama, ba zan iya rufe wannan ba. Aikina ne."

Likita da kansa ya zo rumfar bayan kwana kaɗan. Ya gaishe ta da ladabi, ya ƙi zama, ya ce ta yi wa ilimi babban taimako. Dama sun daɗe suna mamakin yadda direbobin wannan kamfani suka fi na ko'ina lafiyar zuciya, har sun fara tunanin rubuta wani abu a kai. Ta cece su daga abin kunya. Sai dai duk awon da aka yi a garejin ya lalace, ba za a iya amfani da ko ɗaya ba. Za su cire garejin daga binciken su koma wani kamfani.

"Maganin fa?" ta ce.

"Maganin na waɗanda ke cikin bincike ne, Mama. Amma kowa yana iya zuwa asibiti, ƙofa a buɗe take."

Ranar da suke kwashe kaya, Malamar Awo ta zagayo bayan rumfa da na'urarta a jaka. Uwar Gareji ta riƙo Auta ta hannun riga kamar yaro, ta zaunar da shi a kan buhun gawayi tsakanin tukwane. Aka naɗa masa abin a dantse, ya kumbura, ya saki. Malamar ta sake aunawa, ta koma ɗaya hannun.

"Ya haura ɗari da casa'in," ta ce. "Bai kamata ka tuƙa mota a haka ba. Ka je asibiti yau, ba gobe ba."

Ta rubuta sunan magani a bayan wani kati ta miƙa wa uwar. Auta ya sauke hannun rigarsa, bai kalli kowa ba.

"To, Inna, kin gani. Hankalinki ya kwanta?"

Masu bincike sun bar wa kamfani bayanin dalilin tafiyarsu, ba su ambaci sunan kowa ba. Ba a buƙatar suna. Manaja ya ce an zubar wa kamfani da mutunci a gaban baƙi, ya zaɓi biyu daga cikin tsofaffin direbobi ya sallame su don sauran su shiga taitayinsu. Ɗaya daga cikinsu ya biyo ta gaban rumfa da jakarsa a kafaɗa.

"Uwar Gareji, na gode. Shekara nawa ina cin abincinki, ashe ni ma dafa ni kike yi."

Washegari benci biyu suka wuni babu kowa. Direbobi suka koma tsallaken titi wurin wani mai soye-soye, suna zama inda za ta gan su. Ta ci gaba da ɗora tukwane kamar kullum, da yamma ta raba wa maƙwabta. Babu wanda ya zage ta. Auta suka samu.

"Tanki, a yi magana a hankali, kar ka kai wa Inna rahoto."

"Ku bar shi, bai gama shan nono ba."

Baba Birki bai taɓa sa baki a irin wannan ba. Shi dai idan an zo rabon tafiya, mafi nisa ita ke faɗowa kan Auta, ya dawo yau a ce gobe akwai wata. Auta bai taɓa cewa a'a ba. Yana ganin da haka zai sayi fuskarsu. Ya daina tsayawa a rumfa idan ya dawo. Yakan ɗaga mata hannu daga kan mota, ya tsallaka titi ya zauna cikinsu, su yi ta tsokanarsa yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ta sayi maganin da kanta, kwali-kwali, ta kai masa gida. Ya karɓa don matarsa na tsaye. Ya sha na 'yan kwanaki. Da ta tambaye shi daga baya ya ce:

"Maganin nan fitsari yake sa ni. Ba na tafiya mai nisa sai na faka. Muna jere da mutane a hanya, kowa ya wuce ni yana danna mini oda. Sun fara ce mini tankin da ke yoyo."

"Su ce. Bakinsu ne."

"Inna, ke a rumfa kike. Ni a cikinsu nake kwana."

"Mu koma asibiti a sauya maka wani."

"Da wane lokacin? Gobe da safe zan tashi." Sannan ya ce, "Da kin bar ni yadda nake, da yanzu ina tafiyar kusa ina kwana a gidana."

Ta duba ta ga babu ƙarya a maganar.

Ranar da abin ya faru, motarsa ce layi ya zo kanta. An ɗaga ta a kan jak a tsakiyar gareji, ana aron taya. Rana ta take. Daga rumfa tana hango bayansa, rigar ta jiƙe ta manne, ya sa doguwar sifana a noti ya hau kanta da dukkan nauyinsa. Notin ya ƙi. Ya sake hawa. Sai ta ga ya saki sifanar, ya zauna a ƙasa a hankali kamar mai neman abin da ya faɗi, ya jingina da tayar.

"Tanki ya yi faci," in ji wani. Aka yi dariya.

Ita ba ta jira ba. Ludayin yana hannunta har ta isa wurin. Idonsa a buɗe, hannunsa ɗaya a ƙirji, leɓensa ya sauya launi. Ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa. Ya dube ta, bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito. Kafin a sami ƙaramar motar da za ta ɗauke shi an ɓata lokaci, don makullin yana wurin manaja, manaja kuma yana waya. A hanya ya cika, kansa a cinyarta.

An gaya mata daga baya cewa da yamma sun ƙarasa ɗaura tayun, tunda an riga an sa rana. Motar ta je ta ci jarrabawa.

Bayan an share makoki ta tuna da maganar Likita. Ta yi wanka, ta sa tufafin fita, ta hau mota zuwa asibitin koyarwa. Ta sha tambaya kafin ta sami ofishin, a ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Malamar Awo ta gane ta, ta miƙe, ta ji labarin a tsaye, ta riƙe mata hannu. Sannan ta shiga ciki ta fito da Likita.

"Kun ce idan wani ya rasu a zo a faɗa," in ji Uwar Gareji. "Na zo in faɗa. Zuciya ce. Shekararsa talatin da bakwai. Ubansa ma haka ya tafi. Ku rubuta, ko zai amfani wani."

Likita ya cire tabarau ya goge. Ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata.

"Sai dai, Mama, lambarsa ba ta cikin binciken yanzu. Tun da aka cire garejin aka cire kowa. Ba za mu iya ƙirga shi ba."

"Awon da aka yi masa a bayan rumfata fa? Wannan ai na gaskiya ne."

"Ba a bisa tsari aka yi shi ba."

Ya ga ba ta motsa ba, sai ya waiga ya ɗauko wata takarda mai hoto daga kan tebur ya ba ta, don kada ta tafi hannu sake. Ya ce tunda sana'arta girki ce, za ta amfane ta. Hoton wata mata ne a gaban tukunya, da cokalin gishiri a hannu, an ja jan layi a kansa. Ta ninke ta, ta yi godiya, ta fito.

Direbobi sun dawo rumfar ɗaya bayan ɗaya. Abincin tsallaken titi yana ɓata musu ciki, kuma mutuwa ta shiga tsakani, ana iya zama ba tare da an tada tsohuwar magana ba. Babu wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba. Ba mai zama a ƙarshen bencin da Auta ke zama, sai wani sabon direba da bai sani ba, shi ma ba a hana shi ba.

Baba Birki ne na ƙarshen dawowa. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Allah ya jiƙan Tanki. Yaron kirki. A hannuna ya koyi sa giyar mota."

"Amin."

"Da muka share motarsa an kawo miki kayansa, ko?"

"An kawo."

"Har da na akwatin gaba." Ya gyara zama. "Awon kamfani ya matso, gwangwani kuma ya yi ƙasa. Ga yara sababbi, kowa da iyali. Na ce maimakon su lalace a ajiye."

Kwalayen maganin Auta suna cikin jakarta tun ranar da aka kawo su. Ɗaya ne kawai aka buɗe, shi ma bai kai rabi ba. Ta dube shi. Wuyansa ya cika, jijiya ta fito raɗau a gefen goshinsa, yana numfashi da baki daga ɗan tattakin da ya yi. Ta dubi sauran da ke kan benci, duk sun sunkuyar da kai cikin kwano suna saurare. Ta ciro kwalayen ta ajiye a gabansa.

"Kullum ake sha," ta ce. "Ɗaya kowace safiya, har ƙarshen rai. Haka malamar ta ce."

"Biyu ranar awo sun wadatar," in ji Baba Birki, yana zuba su a aljihu. Ya ja kwano gabansa, ya ɗanɗana miyar, ya yamutsa fuska. "Uwar Gareji, hannunki ya yi sanyi. Wannan ai ta marasa lafiya ce."

"Gaskiya kwanan nan ba a jin gishiri," in ji na kusa da shi.

Ta juya wurin murhu. Babbar tukunyar tana tafasa, mai yana zagaye a samanta. Ta tsoma hannu a robar gishiri ta damƙo cike da tafi, ta watsa, ta sake damƙowa ta ƙara, ta juya da ludayi har ya narke. Sannan ta karɓi kwanonsu ɗaya bayan ɗaya ta zuba wa kowa yadda yake so.